Talla Cikin Takarda: Kayan Gida, Tufafi da Magunguna a Kasuwar Amurka, 1895–1914

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce talla, abin da ke fara zuwa zuciyar Bahaushe shi ne mutum ya ɗauki hajarsa, ya bi unguwa ko ya zaga kasuwa yana kiran sunanta, mai bukata ya tsai da shi, ya duba, ya taya, a yi albarka ko a sallama. A irin wannan ciniki mai saye da mai sayarwa suna kallon juna, haja kuma tana ajiye a tsakaninsu. Tallan da za mu yi magana a kansa a wannan takarda wani iri ne dabam, watau wanda ake bugawa a jarida ko mujalla ko kundin kaya, a aika wa mutumin da bai taɓa ganin mai hajar ba, kuma ba zai ga hajar kanta ba sai bayan ya rubuta wasiƙa ya ce yana so. Cinikin biri a sama ke nan aka mayar da shi sana'a.

Mun taƙaita nazarinmu ga ƙasar Amurka, daga wajen 1895 zuwa 1914, saboda a can ne wannan hanya ta ciniki ta fi ƙarfi a lokacin, kuma kundayen da aka buga suna nan har yanzu ana iya duba su. Za mu dubi kaya iri uku waɗanda kowane gida ke bukata, watau kayan aikin gida, da tufafi, da magunguna. Abin da muke so mu nuna shi ne, kamfani ɗaya, a cikin kundi ɗaya, yakan faɗi gaskiya a kan murhu, ya yi ɗan kwana-kwana a kan riga, sa'an nan ya shirga ƙarya a kan magani. Dalilin haka kuwa, a ganinmu, ya rataya ne ga ko mai saye yana da halin gwada maganar mai talla da abin da ya iso hannunsa.

2.0 Mai saye da halin da yake ciki

A ƙidayar 1900 mutanen Amurka sun kai wajen miliyan 76, kuma kimanin kashi 60 cikin ɗari a karkara suke zaune. Manomin can ba ya zama cikin ƙauye tare da jama'a, yakan gina gidansa ne a tsakiyar gonarsa, ta yadda zuwa gari mafi kusa yakan ci masa yini guda a keken doki. In ya je, sau da yawa kanti ɗaya zai tarar. Mai kantin ne ke yanka kuɗin kaya, shi ne kuma ke ba da bashi har zuwa kaka, don haka ko manomi ya san ana ƙwararsa ba shi da bakin magana.

Wanda ya fara gane cewa akwai kasuwa a cikin wannan ƙunci shi ne Aaron Montgomery Ward, wanda a 1872 ya buga takarda mai shafi ɗaya a birnin Shikago, ɗauke da sunayen kaya 163 da kuɗin kowane, ya rarraba wa manoma domin su aiko da kuɗi a aika musu da kaya. Richard Sears ya biyo baya. Shi ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a wani ɗan gari a jihar Minesota, kuma a 1886 ya fara da sayar da agoguna ga 'yan'uwansa ma'aikatan tasha. Daga baya ya koma Shikago, ya ɗauki wani mai gyaran agogo, Alvah Roebuck, har a 1893 kamfanin ya sami sunan Sears, Roebuck. Kundinsu na 1894 shafi 322 ne. Kafin 1902 ya wuce shafi 1,000.

Gwamnati ma ta taimaka, ko da yake ba don su ta yi ba. A 1896 gidan waya ya fara gwajin kai wasiƙa kyauta har gidajen karkara, aka tabbatar da tsarin a 1902, sa'an nan daga ranar 1 ga Janairu 1913 aka fara karɓar ƙunshin kaya ta gidan waya. Da wannan, kundin da aka buga a Shikago ya sami hanyar shiga ɗakin matar manomi ba tare da ya bi ta hannun mai kanti ba.

3.0 Kayan gida

Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin kundayen nan, abin da zai fara lura da shi shi ne yawan magana. Ba a barin fili a shafi. Za a zana murhun ƙarfe ko keken ɗinki, sa'an nan a kewaye zanen da ƙananan rubutu: irin ƙarfen da aka yi shi da shi, tsawonsa da faɗinsa, nauyinsa in an ɗaure shi a akwati, da abin da jirgi zai karɓa kafin ya kai shi. Mai nazarin harshe na iya ganin wannan kamar surutu ne, amma yana da aiki. A kasuwa hannu da ido ke yin bincike, mutum ya ɗaga tukunya ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararta. Da yake ba halin yin haka, sai rubutu ya ɗauki aikin hannu da ido. Kuma kowace kalma da aka rubuta game da nauyi ko tsawo alkawari ce wadda mai saye zai iya aunawa ranar da kaya suka iso.

Abu na biyu shi ne kuɗi a rubuce. Tun kafin lokacin, 'yan kasuwar birni irin su John Wanamaker na Filadelfiya sun riga sun kawo al'adar kuɗi ɗaya ga kowa, ba tayi ba ragi. Kundin ya kai wannan al'ada karkara. Manomi ko bai sayi kome daga Shikago ba, ya riga ya san nawa ake sayar da garma ko fitila a can, don haka in ya shiga kantin garinsu da ido biyu yake shiga. Wannan ne ya sa masu kantuna suka tsani kundin, har a wasu garuruwa suka riƙa tara shi suna ƙonawa a bainar jama'a.

Amma duk wannan bai isa ya sa mutum ya miƙa kuɗinsa ga baƙo ba. Matsalar amana tana nan, kuma dabarun da aka bi aka warware ta su ne suka fi cancanta a tsaya a kansu. Tun 1875 Ward ya yi alkawarin mayar da kuɗi ga duk wanda kaya ba su yi masa ba. Sears ya ƙara da wata dabara, ya riƙa buga talla yana cewa kada a aiko da ko kwabo: za a aika da kayan zuwa tashar jirgi mafi kusa, mai saye ya je ya buɗe ya duba, in sun yi masa ya biya, in ba su yi ba ya bar su a mayar. Watau an sauko da birin ƙasa kafin a biya, gani ya kori ji. Haka kuma, saboda an san da yawa daga cikin manoman ba su yi zurfi a karatu ba, wasu kuma baƙi ne daga Jamus da Suwidin, kundin yakan kwantar musu da hankali cewa su rubuta abin da suke so yadda suka iya, da kowane harshe, za a gane. A 1905 kamfanin ya gwada wata hanya a jihar Ayowa, inda ya roƙi amintattun masu sayensa kowa ya raba kundi 24 ga maƙwabtansa, a ba shi tukwici in maƙwabtan sun yi saye. A nan amanar da ke tsakanin maƙwabta aka ara aka yi talla da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Sears mutum ne mai tsantseni. Shi da kansa yake rubuta yawancin tallan, kuma gwanin zuzuta haja ne. An ruwaito cewa a farkon kasuwancinsa ya taɓa tallan kujerun zama guda uku a kan senti 95, mutane suka yi ta aiko da kuɗi, sai ga kujerun wasan yara sun iso, ashe akwai wata kalma ɗaya da aka sa da ƙaramin rubutu mai nuna cewa ƙanana ne. Har bayan kamfani ya girma yakan yi tallan abin da babu shi a sito, in oda ta taru sa'an nan a shiga neman inda za a samo. To amma alkawarin mayar da kuɗi takobi ne mai kaifi biyu. Duk murhun da aka zuzuta fiye da ƙima zai dawo, kamfani ya biya kuɗin jirgi zuwa da dawowa, ya kuma rasa mai saye da maƙwabtansa. Julius Rosenwald, wanda ya shiga kamfanin a 1895, shi ya fi gane wannan lissafi. Da suka sami saɓani da Sears a kan yawan kuɗin da ake kashewa wajen talla, Sears ya sauka a 1908, Rosenwald ya zama shugaba, kuma a 1911 aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje domin a tabbatar kaya sun dace da abin da ake faɗa a kansu. Ba mu musun cewa Rosenwald mutumin kirki ne, tarihinsa na gina makarantu ga 'ya'yan baƙar fata ya isa shaida, amma a wannan fage kirki da riba hanyarsu ɗaya ce.

4.0 Tufafi

Sha'anin tufafi ya ɗan bambanta, domin mai saye yana iya gwada wani ɓangare na maganar mai talla, wani ɓangaren kuwa ba ya iyawa. Ko riga ta zauna a jiki ko ba ta zauna ba, wannan a take ake sani. Tufafin maza sun fi sauƙi, saboda tun lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 aka auna sojoji masu yawa don ɗinka musu kaki, aka gane cewa in an san faɗin ƙirjin namiji ana iya kintatar sauran awonsa. Na mata kuwa babu wani ma'auni da aka yarda da shi, sai a 1958 gwamnati ta fitar da shi. Saboda haka kundin ya zama kamar tela mai koyarwa: yakan zana mutum, ya nuna inda za a zagaya da igiyar awo a ƙirji da ƙugu da hannu, ya nemi a faɗi tsawo da nauyi. Wanda ke son kwat kuma ana iya aika masa da wani ɗan littafi dabam da aka manna ƙyallayen yadi a ciki, ya taɓa ya zaɓa.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke cikin yadin. Matar manomi ba ta da hanyar sanin ko ulun da aka ce zalla ne an gauraya shi da auduga, sai bayan an sha wanki. A nan 'yan kasuwa da yawa suka sami wurin ɓuya, suna ba yadi da fatu sunaye masu daɗin ji waɗanda ba su faɗin ainihin abin, har gashin zomo da aka rina akan sayar da shi da sunan wata dabbar teku mai tsada. Dokar da ta tilasta a rubuta yawan ulun da ke cikin tufa ba ta zo ba sai 1939.

Akwai wani abu da bai kamata mu wuce ba mu ambata ba. A jihohin kudu, inda dokokin wariyar launin fata ke aiki, baƙar fata in ya shiga kanti sai an gama da farare kafin a kula shi, kuma sau da yawa ba a barinsa ya gwada tufa ko hula. Kundin bai san launin mai wasiƙa ba, kuɗi ɗaya yake faɗa wa kowa. Wasu masu kantuna, don su kashe masa kasuwa a wurin farare, sai suka baza jita-jitar cewa Sears da Roebuck baƙaƙe ne.

5.0 Magunguna

A cikin kundin nan dai da ya faɗi nauyin murhu daidai, in aka juya zuwa shafukan magani na 1902 za a tarar da ɗamarar lantarki mai suna Heidelberg, wadda aka ce in namiji ya ɗaura ta tana mayar masa da ƙarfi, tana kuma warkar da cututtuka barkatai. Za a tarar da ƙwayoyin gyaran fatar mata waɗanda sunansu ma ya faɗi cewa akwai gubar asenik a cikinsu. Tambayar ita ce, me ya sa alkawarin mayar da kuɗi, wanda ya ladabtar da tallan murhu, bai ladabtar da wannan ba?

Amsa ta farko ita ce yawancin cututtuka da kansu suke tafiya. Mai mura ko ciwon baya in ya sha kwalba guda ya warke bayan mako, kwalbar zai gode wa. Ta biyu, da yawa daga cikin magungunan suna ɗauke da barasa ko ofiyam ko koken, waɗanda ke sa mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, kuma su sa ya nemi ƙari. Ta uku, mai tarin fuka ko ciwon daji da ya sha bai warke ba, ya riga ya tafi inda ba a rubuto wasiƙar ƙorafi. Akwai kuma kunya: wanda ya sayi ɗamarar ƙarfin maza a ɓoye ba zai kai ƙara ba. Daɗin daɗawa, likita yana da nisa da tsada, kuma gaskiya ita ce likitocin zamanin su ma magungunan da ke hannunsu masu aiki kaɗan ne. Ta kowace fuska ke nan mai saye ba shi da ma'auni.

Da yake ba wani nauyi ko tsawo da za a faɗa, tallan magani sai ya koma ga fuska da shaida. Mafi shahara ita ce Lydia Pinkham ta garin Lynn a jihar Masacusets, wadda iyalinta suka fara sayar da wani haɗin saiwoyi na cututtukan mata a 1875, suka sa hotonta a tallan daga 1879. Fuska ce ta dattijuwa mai kamala, irin gwaggon da mace za ta iya gaya wa sirrinta, kuma tallan yakan gayyaci mata su rubuto wa uwargida Pinkham damuwarsu. Haɗin yana ɗauke da barasa kusan kashi 20 cikin ɗari. Ita kuwa ta rasu tun 1883, amma aka ci gaba da gayyatar wasiƙu, har sai da mujallar Ladies' Home Journal, wadda ta daina karɓar tallan irin waɗannan magunguna tun 1892, ta buga hoton kabarinta a 1905. An kuma gano cewa wasu kamfanoni sukan tara wasiƙun marasa lafiya su sayar wa dillalai, su kuma su sayar wa wasu masu magani, domin wanda ya taɓa saye shi ne ya fi saurin sake saye.

Wani misalin shi ne Peruna, na likita Samuel Hartman na birnin Kolambas a jihar Ohayo. Dabararsa ita ce ya ce kusan kowace cuta majina ce da ta sauka a wata gaɓa, ko huhu ko ciki ko ƙoda, maganinsa kuma na majina ne, don haka ya zama maganin kome. Kwalba dala ɗaya ce, barasar da ke ciki kuma wajen kashi 28 cikin ɗari, ta ninka ta giyar inabi. Mutanen da ko kusa da mashaya ba su zuwa sun riƙa shan sa da zuciya ɗaya, har 'yan majalisa suna ba da sunayensu a buga a matsayin shaidu. Wanda ya fi muni shi ne ruwan lallashin jarirai mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup, da ake tallansa ga uwayen yara masu fitar da haƙori. Mofin ne a ciki. Yaro yakan yi shiru kamar yadda aka yi alkawari, wasu kuma ba su sake farkawa ba.

Lamarin bai tsaya ga Amurka ba. A Ingila, ƙungiyar likitocin ƙasar ta sa aka bincika irin waɗannan magunguna, ta buga sakamakon a 1909. Ƙwayoyin Beecham, waɗanda tallansu ke cewa akwatinsu ya cancanci gini guda, watau sule 21, an tarar sabulu ne da citta da wani tsiro mai sa zawo dangin kabar giwa. Ana sayar da akwatin sule ɗaya da kwabo ɗaya da sisin kwabo, alhali kayan haɗin ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na kwabo ba.

6.0 Jarida da doka

Mai karatu na iya tambaya, ina jaridu suke duk wannan lokaci? Suna nan, amma bakin da ya ci ba ya magana. Masu magani suna cikin manyan masu sayen fili a jaridun ƙasar, kuma sun ƙirƙiro wani sharaɗi da akan buga da jan tawada a takardar yarjejeniya, cewa in jiha ta kafa dokar da ta taɓa cinikinsu, to yarjejeniyar talla ta rushe. Da wannan, duk lokacin da aka kawo irin wannan doka gaban majalisar jiha, sai a tuna wa masu jaridu abin da za su rasa, su kuma su tashi su yaƙe ta. Mujallar Collier's ce ta tona wannan a 1905, kuma ita ce daga ranar 7 ga Oktoba na shekarar ta fara buga jerin rahotannin Samuel Hopkins Adams, wanda ya riƙa sayen magungunan yana kai wa masana su tantance abin da ke ciki, yana kiran sunayen kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Watau ya yi wa jama'a awon da su ba su da halin yi.

Wannan, tare da daɗewar da Harvey Wiley, babban masanin haɗa sinadarai na ma'aikatar gona, ya yi yana fafutuka, shi ya kai ga dokar tsabtar abinci da magani wadda Shugaba Theodore Roosevelt ya sa wa hannu ranar 30 ga Yuni 1906. Dokar ta tilasta a rubuta a jikin kwalba in akwai barasa, ko ofiyam, ko mofin, ko koken da makamantansu, ta kuma hana ƙarya a takardar jikin kwalbar. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ikon dokar a kan kwalba ya tsaya, bai kai ga jarida ba, don haka masu magani suka tsabtace kwalba suka kwashe ƙaryar suka kai shafin talla. A 1911 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar wani mai suna Johnson da ke sayar da maganin ciwon daji na bogi, ta yanke cewa abin da dokar ta hana shi ne ƙarya game da abin da ke cikin magani, ban da ƙarya game da abin da yake warkarwa. Majalisa ta yi gyara a 1912, amma ta ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cewa mai maganin da niyyar zamba ya yi, abin da ke da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali in mutum ya rantse cewa shi ya yarda da maganinsa.

Kamfanin Sears bai jira ƙarshen wannan taƙaddama ba. A 1913 ya cire irin waɗannan magunguna daga kundinsa, ya bar na yau da kullum waɗanda aka san abin da ke cikinsu. Ana iya fahimtar dalili: kamfanin da ke sayar da dubban kaya a kan amana ɗaya ba zai so 'yan shafuka kaɗan su ɓata masa sauran ba. Mai magani ɗaya tak kuwa ba shi da wata hajar da zai ji wa tsoro, saboda haka irin su suka ci gaba a jaridu, daga baya kuma suka koma rediyo. Sai a 1938, bayan wani ruwan magani da aka haɗa da sinadari mai guba ya kashe mutum fiye da 100 a 1937, da yawansu yara, Majalisa ta kafa sabuwar doka mai neman a tabbatar magani ba ya cutarwa kafin a sa shi kasuwa. A shekarar ce kuma aka ba hukumar kula da ciniki ta tarayya, wadda aka kafa tun 1914, ikon hukunta tallan ƙarya na abinci da magani a jarida da rediyo.